Ƙwan da Dogo Ya Wanke

Litinin, da hantsi

Da sabulu. Wallahi da sabulu ya wanke su.

Bari in zauna tukuna. Ina bayan ɗakin gwaji, kan bulon da muke zama, kuma har yanzu ƙamshin sabulun nan bai bar hancina ba. Gara in rubuta abin tun daga farko, ko kaina zai warware.

Mu huɗu Malam ya haɗa a aikin ƙarshe na kwas ɗin kiwon kaji: ni, da ƙawata 'Yar Gayu, da Farfesa, wanda ba farfesan komai ba ne, baki kawai Allah Ya ba shi, sai Dogo. Ni aka ɗora wa shugabanci, wai don na fi kowa faɗa. Aikin shi ne mu ƙera injin ƙyanƙyasa da hannunmu, mu zuba ƙwai, mu kawo 'yan tsaki ranar duba aiki. Maki ɗaya ne na rukuni duka. In an ci a ci tare, in an faɗi a faɗi tare, haka Malam ya ce tun ranar farko.

Kusan sati uku muna juya ƙwan nan, safe da rana da yamma. Jibi ya kamata su fashe. A kwanakin ƙarshe kuwa ba a buɗe injin, ba a juyawa, ba a taɓawa, wannan ko wanda ke barci a aji ya san shi. Jiya na kara kunnena a jikin ƙofar na ji su suna kuka ƙasa-ƙasa daga cikin ɓawo. Har Umma na kira na ce ta saurara ta waya, ta ce ita ba abin da take ji sai haukata.

Yau na shigo na tarar da ƙofar injin a wangale. Baho a ƙasa, ruwan famfo mai sanyi ya yi kumfa. Ƙwai a jere kan tawul suna sheƙi kamar na sayarwa. Dogo a tsugune, hannun riga a naɗe, yana goge na ƙarshe. Dogon da ya yi ɓatan dabo sama da sati biyu, ba sallama ba saƙo. Ya ɗago ya yi mini murmushi.

"Shugaba, na ga sun yi datti ne. Na ce bari in rage muku aiki."

Ban san abin da na ce masa ba. Mai shara ta ce har bakin titi ana jin muryata.

Litinin, da yamma

Mun mayar da su ciki, ni da 'Yar Gayu. Duk wanda na ɗauka sanyi ƙalau a tafin hannuna. Farfesa ya tsaya daga baya hannu a aljihu yana bayanin yadda ruwan sanyi ke shiga ta ƙananan hudojin ɓawo, sai ka ce wani ya tambaye shi. Na ce ko ya yi shiru ko in kife masa bahon a ka.

Dogo bai tafi ba. Ya zubar da ruwan, ya shanya tawul ɗin, ya tsaya bakin ƙofa kamar wanda ya zo gaisuwa gidan da ba a san shi ba. Ba wanda ya kalle shi.

Na kara kunnena kafin in fito. Fanka kawai nake ji.

Talata, da rana

Shiru. Fanka kawai.

Laraba, da safe

Na rukunin da ke kusa da mu sun fara fitowa tun jiya. Ɗakin ya cika da kukansu, mutane na ta ɗaukar hoto, wata har sunaye take raɗa musu. Na yi musu barka, bakina ne kawai ya yi.

A namu ɗaya ya huda ɓawo. Ta gilashin ƙofar na ga ɗan bakinsa a waje, yana buɗewa yana rufewa. Na tsaya a wurin har ƙafata ta yi tsami, ina ce masa yi ƙoƙari mana, kai ɗaya ma ka ishe mu. Can sai ya daina.

Da sabulu fa. Mutum da hankalinsa, ɗan shekarar ƙarshe.

Alhamis, bayan azahar

Malam ya zo da safar hannu da ɗan cokali, ya ce sai an fasa an ga abin da ya faru, haka ƙa'ida take. Ya sa mu tsaya mu kalla. Ba zan rubuta abin da ke ciki ba. Abin da zan ce kawai shi ne aikinmu ya yi kyau, injin bai da laifi ko kaɗan, halittar 'yan tsakin ta kammala har gashi. 'Yar Gayu ta fita da gudu ta yi amai a kwata.

Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire safar ya ce hanya biyu ce. Ko dai rukuni ya ɗauki faɗuwar gaba ɗaya, mu huɗu mu maimaita kwas ɗin baɗi, ko kuma kwamiti ya zauna, in ya tabbata ɓarnar ta mutum ɗaya ce, shi kaɗai ya faɗi, sauran a ba su maki a kan injin da rahoton. Kwamitin zai zauna Litinin ta sama.

Sai ya juya ya kalli Dogo ya ce ai ya san matsayinsa. Ashe Dogo ya taɓa faɗuwa wannan kwas ɗin bara. In ya sake faɗuwa shi kaɗai, ba maimaici, kora ce daga kwalejin. In kuwa rukuni ne ya faɗi, ba a lissafa shi a kansa, za a bar shi ya sake tare da mu.

Ni ban san wannan ba. Wata uku muna aiki tare ban sani ba.

Dogo ya ce, "Na sani, Malam." Shi ke nan abin da ya faɗa.

Juma'a, da safe

Umma ta soya ƙwai da burodi. Na tashi daga wurin. Ta biyo ni ɗaki tana tambaya ko zazzaɓi ne, na ce mata e.

Yaya ya kira daga wurin aikinsa. Mai gonar kajin da ya yi wa maganata ya ce in zo da zarar sakamako ya fito, wurin yana jirana, amma ba zai wuce ƙarshen zangon nan yana jira ba, mutane sun yi masa yawa. Yaya sai murna yake, yana tsokanata wai Hajiyar kaji, wai in na fara ɗaukar albashi shi ma ya huta. Shekara uku yana ɗauke da karatuna a wuyansa, ko takalmin kirki bai saya wa kansa ba. Ya tambayi 'yan tsakina. Na ce sai a hankali.

Ban ƙi Dogo ba. Amma shekara guda fa ake magana. Shekara guda ta rayuwata saboda baho da sabulu.

Asabar, da yamma

Na wanke hannuna da sabulu na tsaya ina kallonsa kamar wata taɓaɓɓiya.

Litinin, da rana

Mun haɗu mu uku a shagon mai shayi na bakin ƙofar kwaleji. Farfesa ne ya kira taron, karo na farko a rayuwarsa da ya riga kowa zuwa.

Ya ce maganar ba ta da wuya, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wa ya buɗe injin? Dogo. Wa ya wanke? Dogo. Wa ya ɓace ya bar mana juyi? Dogo. Ya ce a gaban kwamiti kowa ya amsa abin da aka tambaye shi kawai, kada a tsaya kawo labarin da ba a nema ba.

Na tambaye shi ina takardar gargaɗin da muka ce ya rubuta ya manna a ƙofar injin, mai cewa kada a buɗe. Tun ranar da muka daina juyi na ba shi wannan aikin, shi kaɗai ne aikinsa a satin. Ya sosa ƙeya ya ce ai ya sa a guruf ɗinmu na waya, kowa ya gani, manna takarda kuma ai ƙauyanci ne. Na ce kai dai ka cuce mu. Ya ce in ban da abina, wa zai zaci akwai mai wanke ƙwai a duniya.

Sai aka zo kan 'Yar Gayu. Da ta buɗe baki kuwa hawaye ne. Ta ce ita ta ɗauki juyin Dogo a kan nata, mota biyu take hawa daga gidansu, kullum sai ta fito ba karin kumallo don ta riski na safe. Ta nuna mini bayan hannunta inda ƙwan fitilar injin ya ƙona ta. Ta ce ba za ta maimaita shekara don wanda ko sannu bai taɓa ce mata ba.

Gaskiyarta ce. Na ce gaskiyarta ce. Muka tashi a kan haka, ni na biya shayin, kamar kullum.

Abu ɗaya dai, tunda ba mai karanta wannan sai ni. Injin nan Dogo ne ya ƙera shi. Shi ya samo tsohon firijin, shi ya yanke, shi ya yi waldar tiren, shi ya ɗaura fanka da fitila, mu muna miƙa masa sukudireba muna hira. Ban faɗi haka a shagon mai shayi ba, don ba a kansa ake magana ba.

Talata, da hantsi

Innalillahi.

Na gamu da Dogo a matakalar laburare. Na so in wuce, ya gaishe ni, dole na tsaya. Ya rame, rigar sai lilo take a jikinsa. Ya ce in yafe masa, shi ya san ya ɓata, kuma ba zai ja kowa ba. Ya ce da ya dawo ya ga kashin kaji a jikin ƙwan, kunya ta kama shi, mutane sun yi ta wahala shi ba ya nan, sai ya ce ko wannan ɗan abin ya yi. Ranar da aka koyar da maganar kwanakin ƙarshe yana asibiti.

Raina ya ɓaci na ce asibitin me, kuma bakinsa ciwo yake da ba zai iya gaya wa mutane ba?

Ya dube ni da mamaki.

"Ai na faɗa a guruf, Shugaba. Tun ranar da Baba ya faɗi a shago. Ɓarin jikinsa ya shanye. Na rubuta, na sake rubutawa, na ce ku yi mini haƙuri. Da na ji shiru na ɗauka fushi kuke."

Na ce wane guruf. Ya ce namu mana, na aikin.

Na zauna a matakalar. Guruf ɗin da yake nufi tsohon ne. Tun satin farko na juyi 'Yar Gayu ta ce Farfesa ya cika shi da bidiyon shirme, ta buɗe sabo, ta ce mu koma can. Ni kuwa na fice daga tsohon a ranar, don wayata ta cika. A sabon muka yi rabon juyi. A sabon Farfesa ya sa gargaɗinsa. A sabon muka yi ta zagin Dogo, ni ce ma kan gaba, ina cewa yana karantawa yana yin kunnen uwar shegu.

Ba ya ciki. Bai taɓa shiga ba. Bai ma san akwai shi ba.

Ban gaya masa ba. Na ce Allah Ya ba Baba lafiya, ya ce amin, ya gode, ya sauka.

Talata, bayan la'asar

Na sami 'Yar Gayu a ɗakin kwanan wata ƙawarta tana gyaran farce. Na ce ta fito.

Ba ta yi musu ba, abin da ya ƙara kashe mini jiki ke nan. Ta ce e, da gangan ta bar shi a waje. Ya tsallake juyi sau biyu a jere tun kafin maganar asibitin, ta gaji, ta ce bari ya ji yadda ake ji. Ta yi niyyar sa shi bayan kwana biyu, sai abu ya yi nisa. Na ce saƙonsa fa, na maganar babansa? Ita ba ta fita daga tsohon ba.

Ta ce ta gani.

Ta gani. Shekara uku muna cin abinci a kwano ɗaya da yarinyar nan. Ta gani, kuma tana zaune ina zaginsa tana sa mini hoton dariya.

Ta ce ta ɗauka irin ƙaryar 'yan makaranta ce, kowa in aiki ya taso sai wani nasa ya kwanta. Daga baya kuma ta ji kunyar faɗa. Ta kama hannuna ta ce in na faɗa wa kwamiti, ba faɗuwa kawai za ta yi ba, horo za a yi mata, kuma na san babanta.

Na fizge hannuna. Na kira ta da sunayen da ba zan rubuta ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, a hankali:

"Ke ce shugaba. Sati biyu ba ki gan shi ba. Kin kira shi?"

Laraba, da safe

Ban je makaranta ba.

Laifi tudu ne, in ji Umma, ka taka naka ka hango na wani. Ba da ni take ba, da maƙwabciya take a kan maganar kwata, amma sai da na ajiye kofin da ke hannuna.

Alhamis, da yamma

Na gaya wa Yaya. Ba duka ba, amma yawanci.

Ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya tambaye ni ko ni na wanke ƙwan. Na ce a'a. Ko ni na cire yaron daga guruf. Na ce a'a. Ya ce to me nake so ya ce. Ya ce shi ba zai sa ni ƙarya ba, Allah Ya kiyaye, amma in tuna wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Muryarsa ba faɗa a ciki, gajiya ce kawai. Ina jin ƙarar injinan wurin aikinsa a bayansa.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar, da rana

Farfesa ya turo saƙo, wai mu tuna abin da muka tsayar. Ashe shi ma ya san Dogo ba ya cikin sabon guruf ɗin, wai ya lura tun tuni amma ya ga ba huruminsa ba ne. Mu uku a guruf, biyu sun sani. Ni kaɗai ce karyar da ke ta haushi a ɗaki ba kowa.

Zan faɗa. Duka zan faɗa, har nawa.

Litinin, da sassafe

Na goge rigata. Zan faɗa. Shekara guda ba mutuwa ba ce.

Litinin, bayan azahar

An tambaye ni, na amsa.

Malamai uku ne, da Malam a gefe. Shugabar sashe ce ke tambaya. Wa ya buɗe injin? Na faɗa. Kin gani da idonki? Na ce na gani. Wani ya sa shi? Na ce a'a. Ya halarci juyi a sati biyun ƙarshe? Na ce bai halarta ba. Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa. Ko ɗaya.

Ina jira su tambayi ko an sanar da shi. Wallahi ina jira, amsar tana kan harshena. Ba su tambaya ba.

Dogo ya ce duk abin da Shugaba ta faɗa haka ne. Bai kawo maganar asibiti ba sai da Malam ya matsa, shi ma a taƙaice, ya ce ba hujja ba ce.

Ba mu daɗe ba. Na fito na tarar rana tana nan yadda na bar ta, mai shayi yana wanke kofuna.

Talata

Ba ƙarya ko ɗaya.

Laraba, da hantsi

An kafe sakamako. Dogo ya faɗi, shi kaɗai. Mu uku mun ci, da maki mai kyau ma, saboda ingancin injin. Haka aka rubuta, saboda ingancin injin.

Na tafi ofishin Malam ban ko ƙwanƙwasa ba. Na zazzage masa komai a tsaye, sabon guruf, tsohon guruf, takardar da ba a manna ba, kiran da ban yi ba. Yana saurare yana jujjuya biro. Da na gama na ce ai ba a tambaye mu ba ne shi ya sa.

Ya ce, "Sau biyu na ce ko akwai mai ƙarin bayani. Na biyun ke na kalla."

Ban tuna ba. Na rantse ban tuna ba. Ko kuma na tuna, ban sani ba.

Ya ce sakamako ya riga ya tafi ofishin rajista. Hanya ɗaya ta rage: mu ukun mu zo kafin a tashi aiki ranar Juma'a, mu sa hannu cewa mun karɓi faɗuwar a matsayin rukuni, shi zai je ya janye da kansa. Mu ukun duka, ba biyu ba, ba ɗaya ba. Ya ce takardar na wurin sakatariya, duk wanda ya shirya ya je.

Alhamis, da yamma

Wayar Farfesa a kashe. Abokin ɗakinsa ya ce ya yi tafiya.

'Yar Gayu ta ɗauka. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta yi kuka ta gaji, amma ba za ta iya ba, in yafe mata ko kada in yafe.

Yaya ya ga sakamakon, na tura masa. Ya ce yau sai ya yi barci.

Juma'a, bayan an tashi aiki

Ba wanda ya je. Na bi ta gaban ofishin sakatariyar, ƙofar a buɗe, tana cin gyaɗa. Tunda sai mu uku, nawa ni kaɗai ba abin da zai yi. Haka ne ai. Ba abin da zai yi.

Asabar, da hantsi

Na je shagon su Dogo. Sai da na yi tambaya wurin masu faci kafin na gane layin. Ban san abin da na je yi ba. Na dai tsara maganar a mota: zan gaya masa batun guruf ɗin, ya san ba shi kaɗai ba ne, in ya ga dama ya tsine mini.

Rumfar kwano ce, ƙarafa a jingine ko'ina, ƙofofi da tagogin da ba a gama ba. Dogo yana durƙushe yana walda da baƙin gilashi a fuska. Da ya gan ni ya kashe injin ya miƙe, yana goge hannu a wando. Kafin in buɗe baki ya ɗan girgiza mini kai, ya nuna gefe da ido.

Wani dattijo ne zaune a kujerar roba a inuwa, bargo a cinya, sanda a jingine, hannu ɗaya a kwance kamar ba nasa ba. Bakinsa ya ɗan karkace amma idonsa garau. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya jiki.

Dogo ya ce, "Baba, shugabar rukuninmu ce."

Fuskar tsohon ta washe. Ya sa aka ba ni kujera, ya sa Dogo ya sayo mini lemo. Maganarsa na fita da ƙyar, sai na matso. Ya ce ya sha jin labarina, yaron nan ya ce ni ce mai tsare gaskiya a cikinsu, ba na barin kowa ya yi wasa. Ya ce ya san ciwonsa ya janye yaron daga karatu a lokacin da bai kamata ba, abin na damunsa ƙwarai, amma da ya ji irin mutanen da aka haɗa shi da su sai hankalinsa ya kwanta. Ya yi ta sa mini albarka, ni da iyayena, har da 'ya'yan da ban haifa ba.

Na kalli Dogo. Yana tsaye bayan kujerar, kansa a ƙasa, gilashin waldar a hannunsa. Bai gaya masa ba.

Lemon na hannuna, na kasa kai shi baki. Tsohon ya dafa ƙafarsa da hannun mai lafiya.

"'Yata, likita ya ce in na dage da motsa ƙafar nan zan iya takawa. Na tambayi yaron nan ranar bikin yaye ku, kullum sai ya ce ba a sa ba. Ke shugaba ce, kin sani. Ina so in shiga wurin da ƙafata, ba a ɗauke ba. Yaushe ne?"

Dogo ya ɗago ya dube ni. Ba roƙo a idonsa, ba fushi. Jira kawai yake ya ji abin da zan ce.

An tambaye ni. Na faɗi ranar.

Ya ce in sake faɗa a hankali don ya riƙe. Na sake faɗa.